Lasifikar Miliyoyi a Falon Tayil: Nazarin Wani Ɗakin Sauraro a Gawon Nama

Gidan bene ne a unguwar Gawon Nama ta Sakkwato, falon da za a yi magana a kansa kuwa yana ƙasa, shi ne na maigida, inda yake karɓar baƙinsa. Alhajin ɗan kasuwa ne da ya ba wa sittin baya, mai son sauraro tun zamanin garmaho da kaset. Yana da tarin kiɗan fada na kotso da taushi, da karatun Alƙur'ani na makaranta daban-daban, da ɗan abin da ba a rasa ba na kiɗan Larabawa. A wata tafiya Dubai ya sayo lasifika biyu dogaye masu tsayawa a ƙasa, ƙirar Ingila, kowace da wufa biyu masu fitar da sauti mai kauri, da ta tsakiya, da tuwita mai fitar da siririn sauti a sama, haɗe da amfilifaya mai nauyi, na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba, don ba shi da hannu a abin da ya biyo baya. Kuɗin da aka kashe dai ya isa a sayi mota mai kyau.

Kokensa gajere ne. "Injiniya, can shagon da nis saye su, in an sa waƙa sai ka rantse mutum na tsaye gabanka. Nan ko gum-gum kawai kaka ji, ba ka rarrabe abin da mawaƙi ka hwaɗi. Ko canza mani kaya anka yi cikin kwali?" Ya ƙara da cewa in ya daɗe yana sauraro kansa ke ɗaukar ciwo. Babban ɗansa, wanda ya haɗa kayan, ya riga ya yanke hukuncin cewa amfilifayar ce ta yi kaɗan, har ya nemo farashin wata, da na wasu wayoyi masu tsadar gaske. Na ce, "Ranka shi daɗe, a bar aljihu shi huta tukuna, mu auna ɗakin."

Ga yadda na tarar da shi. Tsawo mita 6, faɗi mita 4, tsayi mita 3. Bango bulo ne mai inci tara da filasta, ƙasa tayil mai sheƙi, sama rufin kankare ne da adon POP a gefe. Bangon dama yana da faffaɗar taga ta gilas da siririn labule, na hagu babu komai sai agogo. Talabijin na tsakiyar gajeren bango, lasifikun kuma an cusa su a kusurwoyi biyu, bayansu manne da bango, alhali kowace tana da ramin fitar iska a bayanta. Kujerun fata sun jeru a jikin bango kamar yadda muke jera su a kowane falo, tebur na gilas a tsakiya, kujerar Alhaji mai cin mutum uku kuma tana can ƙurya, jingine da bangon baya, fiye da mita 5 daga lasifikun.

Kafin a ɗora wa ɗaki laifi sai an wanke kayan. Na saurari kowace lasifika ita kaɗai, kunne kusa da ita, babu wadda ke karkarwa ko shaƙewa. Na duba wayoyin, ja na kan ja, baƙi na kan baƙi a ɓangarorin biyu. Wannan dubawar ba ta cin minti biyu amma ba a tsallake ta, domin in aka juya waya a gefe ɗaya, wufar nan tana turawa waccan tana ja, sai bes, wato sauti mai kauri, ya zube, muryar da ya kamata ta tsaya a tsakiya ta watse. Yaron bai yi kuskure a nan ba. Amfilifayar ma ko rabin ƙarfinta ba a taɓawa.

Matsala ta farko, kuma babba, tana cikin awon ɗakin kansa. Sauti mai kauri yana da dogon zango, in ya bugi bango ya dawo sai ya haɗu da wanda ke tahowa. A wasu lambobi na Hz, wato yawan kaɗawar sauti a sakan guda, waɗanda tazarar bangaye ke ƙayyadewa, su biyun suna haɗuwa su tsaya cak, wani wuri ya cika maƙil, wani wuri ya zama fayau. Wanda ya taɓa jijjiga ruwa a daro ya ga abin: ruwan yana hawa yana sauka a baki, tsakiya kuwa kusan ba ya motsi. Lissafinsa ba wuya. A raba gudun sauti da ninkin tazarar bango biyu masu fuskantar juna. A littafi ana rubuta mita 343 a sakan, amma wannan a sanyin digiri 20 ne, sanyin da falon Sakkwato ba ya gani sai tsakiyar hunturu. Kowane digiri yana ƙara kusan mita 0.6, don haka a ɗakin da esi ya sauke zuwa digiri 28 gudun yana wajen 348. Tsawon mita 6 ya ba da Hz 29, da ninkinsa 58, da 87. Faɗin mita 4 ya ba da 43.5 da 87. Tsayin mita 3 ya ba da 58. Ka ga 58 ta fito sau biyu, 87 ma sau biyu, saboda shida ninkin uku ce, kuma shida da huɗu suna haɗuwa a sha biyu. Magini bai yi laifi ba, ba don kiɗa ya auna ba. Sai dai duk sautin da ya faɗo kan waɗannan lambobi biyu ɗakin zai kumbura shi, ya kuma riƙe shi bayan mai kiɗan ya ɗaga hannu. Gum-gum ɗin ke nan. Ƙasan muryar namiji mai kauri ma tana sauka har wajen 87, shi ya sa karatun wasu makaranta yake fitowa a dunƙule.

Gine-ginenmu suna ƙara tsananta abin. Gidaje da yawa a Amurka katako ne da allon jifsam, bangon yana ɗan lanƙwasa ya sha wani ɓangare na bes, wani ya fice waje. Bulo da kankare kuwa kaɗan ne suke barin ya fita. Sannan aka zo aka sa lasifikun a kusurwa, inda duk waɗannan sautuka suke da cikakken ƙarfi, aka kuma zaunar da mai sauraro a jikin bango, inda su ma can suke cike.

Bayani da baki bai gamsar da Alhaji ba, kuma ban ga laifinsa ba. Na haɗa kwamfuta, na buɗe manhajar awon sauti ta REW, wadda kyauta ce, na saki sauti guda na Hz 58 ba tare da kiɗa ba. Yana zaune a kujerarsa ya yamutsa fuska, ya dafe ƙirji, gilashin taga ya kama zuzz, agogon bango ma ya shiga rawa a kan ƙusarsa. Na roƙe shi ya miƙe ya tako gaba a hankali. Taku biyu, wajen mita ɗaya da rabi daga bangon baya, ya tsaya ya waiwayo. "Kai, wa ar rage shi?" Ɗansa ya ɗaga hannuwa sama, ni ma na nuna masa nawa. A nan zangon tsawo ba shi da ƙarfi, ga shi kuma a tsaye kunnensa ya zo daidai rabin tsayin ɗakin, inda zangon sama da ƙasa ma yake mutuwa. Ya ƙara gaba zuwa tsakiyar falo, sautin ya dawo ya cika masa kai. Ya koma baya ya ɓace. Sai da ya yi ta kai da komo yana dariya, hularsa a hannu. Daga nan ba a sake tayar da zancen sabuwar amfilifaya ba.

Jan lasifikun ya zo da sauƙi. Mun shimfiɗa tsohon bargo a ƙarƙashin kowace don kada tayil ya karce, muka janyo su har fuskar wufa ta kai mita 1 daga bangon gaba. Ba da ka aka zaɓi wannan awo ba: a ɗaki mai mita 6, wurin da sautin 87 na tsawo ba shi da ƙarfi yana a mita 1, da 3, da 5, lasifikar da ke tsaye a nan ba ta iya tayar da shi sosai. Ta gefe kuwa na bar santimita 80 tsakanin tsakiyar kowace da bangonta. Da gangan na ƙi daidaita tazarar gaba da ta gefe, domin sautin da ya bugi bango ya dawo yana kashe wanda zangonsa ya ninka tazarar sau huɗu, in tazarar biyu suka zo ɗaya sai ramin, wato raguwar sautin, ya zurfafa a lamba guda. Tsakanin lasifikun ya zama mita 2.4. Tun a nan, kafin a sayi ko allura, murya ta fara fita daga cikin kiɗan.

Wurin zama ne ya jawo doguwar muhawara. Falo a wajenmu wurin gaisuwa ne, kujeru a bango, tsakiya a buɗe don mai shigowa ya sami inda zai durƙusa. Kujera a tsakar ɗaki, ta juya wa baƙi baya, abu ne da Alhaji ya ce ba za a gani a gidansa ba, kuma gaskiyarsa. Amma babu tsadar lasifikar da za ta gyara sauti ga kan da ke jingine da bangon kankare. Masu aikin situdiyo suna da wata ƙa'ida ta somawa, a zauna a kashi 38 cikin ɗari na tsawon ɗaki, daga gaba ko daga baya, don a kauce wa bango a kuma kauce wa tsakiya. A nan ta faɗo mita 2.3 daga bangon baya. Na gwada da makirfon awo, UMIK-1, ina matsar da shi gaba da baya, wurin ya fito a cikin mafi dama-dama. Maslahar da aka cimma ita ce manyan kujeru su zauna inda suke, a kawo kujera guda mara nauyi, ta yadi, mai gajeren baya wanda bai kai kunne ba, a riƙa ajiye ta a wurin in za a yi sauraro, a mayar da ita gefe in an yi sallama. Layin tayil ya taimaka, ƙafafunta na gaba suna sauka daidai kan wani layi, ko yaro aka aika zai ajiye ta daidai.

Tun da Alan Blumlein ya yi rajistar fasahar sitiriyo a Ingila a 1931, dabarar ba ta canza ba: lasifika biyu suna yaudarar kunne ya ji murya a wurin da babu lasifika. Yaudarar tana aiki ne kawai in sautin biyu ya iso kunne a lokaci guda da ƙarfi guda. Abin da aka fi so shi ne alwatika mai gefe daidai, lasifika biyu da kan mai sauraro, buɗin digiri 60. A wannan ɗaki ba mu samu ba. Daga kowace lasifika zuwa kunne ya kusa mita 3, buɗin ya tsaya wajen digiri 48. Da an matso da kujerar gaba da alwatikar ta cika, amma da an faɗa tsakiyar ɗaki inda 58 ke jira. Na zaɓi a rasa ɗan faɗi a sami bes mai tsabta. Don daidaita tazara, zare muka ɗaure a tsakiyar bayan kujerar, muka ja shi zuwa tuwitar hagu, muka ƙulla alama, muka kai shi ta dama. Bambancin yatsu uku ya fito, aka gyara. Sai karkatarwa: aka juyo fuskokinsu ciki kaɗan-kaɗan, ana sa karatu na murya ɗaya, har muryar ta tattaru wuri guda a tsakiya, layukan biyu suna haɗuwa a ɗan bayan kan mai zama. In aka nuna su kai tsaye ga kunne, algaita tana yin kaifi fiye da kima. Daga ƙarshe aka ɗaura musu ƙafafunsu masu tsini, kowane a kan ɗan faifan ƙarfensa, aka murɗa har suka daina girgiɗi.

Akwai abin da takardar kamfani ba ta hango ba. Bayan isha'i Alhaji ba ya zama a kujera, a ƙasa yake zama, ya jingina da tumtum na jar fata. Masu ƙera irin waɗannan lasifiku suna sa tuwita wajen santimita 90 zuwa 100 daga ƙasa, daidai kunnen mai zaman kujera. Kunnen mai zaman ƙasa yana wajen 70. A can ƙasa sautin tuwita da na ta tsakiya ba sa isowa a haɗe yadda aka tsara, murya tana ɗan dushewa, kuma kusantar daɓe tana ƙara wa 58 ƙarfi. Ban ga dalilin hana dattijo zaman da ya saba ba. Muka ɗaga ƙafafun baya kaɗan, lasifikun suka ɗan sunkuyo, aka kuma samo masa kakkaurar katifar zama da ta ɗaga shi kusan taƙi guda. Zaman kujera ya fi, amma na ƙasa ya daina zama hasara.

Saura amsa-kuwwa. Tafi ɗaya a tsakiyar falon yana barin wata ƙara mai rawa tsakanin bangon hagu da taga. Awo ya nuna sauti yana ɗaukar fiye da sakan guda kafin ya mutu, alhali ɗakin sauraro mai wannan girma ana so ya tsaya tsakanin 0.3 da 0.5. Wallace Sabine ne ya fara auna wannan abu, a Jami'ar Harvard daga 1895, kuma da matasan kujeru ya yi aikin, yana kwaso su daga wani zauren da dare yana ƙirga yadda suke rage amsawar ɗaki. Har yau maganin bai wuce nan ba: abu mai laushi, mai kauri, wanda iska ke ratsawa. Aka shimfiɗa kafet mai kauri, mita 3 da 4, da soso a ƙarƙashinsa, tsakanin lasifiku da kujera. Aka fitar da teburin gilas, wanda ke tsaye daidai inda sauti ke faɗowa ya tashi zuwa kunne. Hajiya ta ba da labule mai nauyi, aka ɗinka shi da yalwa don ya yi ninki. Kabad ɗin littattafan Alhaji, da ke wani ɗaki, aka dawo da shi bangon baya, littattafai manya da ƙanana suna wargaza abin da ya isa can.

Don gano inda za a rataya allunan shan sauti, Alhaji ya zauna a kujerar, ɗansa ya ɗauki madubi yana jan sa a jikin bango. Duk inda Alhaji ya hango tuwita a madubin, aka sa alamar alli. Nan ne sauti ke fara bugawa ya iso kunne jim kaɗan bayan na asali, ya dagula wurin da murya take tsaye. Kafinta ya haɗa firam shida, santimita 60 da 120, kaurin 10, aka cika su da audugar dutse irin ta masu aikin rufe bututun sanyi, aka lulluɓe da yadi. Yadin sai da aka gwada shi da baki, wanda iska ba ta ratsa shi aka ajiye. Kafintan ya kawo shawarar kiret ɗin ƙwai, wai haka ya ga ana yi a situdiyo. Ana yi, amma aikin banza ne: kwali ne siriri, ba ya taɓa bes ko kaɗan, ga tara ƙura, ga saurin kama wuta. Zangon Hz 58 mita 6 ne, abin da zai sha shi sosai sai kaurinsa ya doshi rubu'in haka. Allunanmu ma ba su kai can ba, aikinsu daga tsakiya ne zuwa sama. Bayan an gama, amsawar ɗakin ta sauko kusan rabin sakan.

Da ɗakin ya yi shiru sai wata ƙara ta bayyana, wadda da can hayaniya ke rufewa: huuum na Hz 50, lambar wutar ƙasar nan. Aka riƙa zare wayoyi ɗaya bayan ɗaya, da aka zare wayar dish daga dikoda sai ta ɗauke. Wuta ce ke zagayawa tsakanin wayar ƙasa (earth) ta dish da ta amfilifaya ta cikin wayar sauti. Aka sauya haɗin talabijin da amfilifaya zuwa wayar haske, wadda babu ƙarfe a cikinta, magana ta ƙare. Wani zai ce a karya ƙafar ƙasa ta fulogi a huta. Kada a yi, ita ce ke tsakanin mutum da shokin in na'ura ta lalace. Mai gyaran wuta ya duba soket ɗin ya ga wayar ƙasan ma ba ta haɗe da komai, ya gyara. An kuma mayar da kayan kan layin inbata mai ba da tsabtatacciyar wuta, don sauyi tsakanin wutar layi da janareta ba ya yi wa irin waɗannan na'urori daɗi.

Amfilifayar kuma a rufe take cikin kabad ƙarƙashin talabijin. A garin da zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, wannan neman ta kashe kanta ne. Aka fito da ita kan buɗaɗɗen teburi, da sarari a samanta. Fanka ta sama ana kashe ta lokacin sauraro, domin fukafukanta suna sara sauti, dogon busa ya riƙa rawa. Aka ɗinka wa lasifikun riguna saboda ƙurar hunturu, aka kuma bar ragarsu a fuska saboda jikoki, don kan tuwita ba ya jure yatsa.

Ba komai ya warke ba. Kumburin 87 ya kwanta har ba a lura da shi. Na 58 ya ragu amma yana nan, musamman a zaman ƙasa. Na gwada toshe ramukan baya da soson da ya zo cikin kwali, bes ya tsuke amma ganga ta rasa jiki, Alhaji ya ce a cire. Sai na rage wannan lamba kaɗai da desibel kaɗan, wato ma'aunin ƙarfin sauti, ta cikin saitin amfilifayar, wanda yake iya sassauta tudu amma ba ya cike rami. Wanda ya zauna a manyan kujerun bango har yanzu zai ji bes ya yi yawa, don ɗakin mutum ɗaya aka gyara wa, ko biyu in sun matsu. Esin kuma yana kan bangon dama, kusa da kujerar, iskarsa tana rufe ƙananan sautuka in an rage murya da dare. An yi magana da mai gyara zai mayar da shi bangon baya kafin zafi ya shigo. Abin da aka kashe gaba ɗaya, kafet da alluna da ɗinki da kuɗin mai wuta, bai kai farashin wayoyin da yaron ya so saya ba.